Wa Ya Zuga Dawuda? Gwaji, Jaraba da Hukuncin Allah a Littafi Mai Tsarki

 'Yan'uwanmu Musulmi da muke hange a zauren nan, barkanku da zuwa. Ko da yake a kan Littafi Mai Tsarki na Kirista za mu yi magana, tambayar da ke ƙarƙashin maganar ba baƙuwa ba ce a gare ku, domin malamanku ma sun daɗe suna tattauna yadda ƙaddarar Allah take haɗuwa da alhakin bawa.

Ga abin da ya tara mu. Duk wanda ya karanta Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango zai ci karo da wurare inda aya take kamar tana ƙaryata 'yar'uwarta. Wasiƙar Yakubu, sura 1 aya 13, ta hana mutum ya jingina wa Allah jarabar da ta same shi, domin a cewarta Allah ba ya jan kowa zuwa ga mugunta. Amma Littafin Farawa, sura 22, ya buɗe da labarin yadda Allah ya jarraba Ibrahim a kan ɗansa Ishaku. Har wa yau, a cikin Addu'ar Ubangiji muna roƙon Uba kada ya shigar da mu cikin gwaji, kamar dai mai yiwuwa ne ya yi hakan. Mafi tsanani kuwa shi ne labarin ƙidayar Sarki Dawuda. Littafin Sama'ila na Biyu, sura 24, ya ce Ubangiji ne ya zuga shi ya ƙidaya jama'a. Littafin Tarihi na Ɗaya, sura 21, ya ce Shaiɗan ne ya zuga shi. Sa'an nan littattafan biyu suka haɗu a kan cewa an hukunta ƙasar, mutum 70,000 suka mutu da annoba. To, wa ya zuga Dawuda? In kuwa Allah ne, da wane adalci zai hukunta shi?

Kada a ɗauki wannan a kan gardamar masu neman abin faɗa. Akwai ɗalibin da zai tarar da waɗannan ayoyi a shekararsa ta farko a jami'a, ya tambaya a ce masa ya yi shiru, daga nan ya rufe littafin, ba zai sake buɗe shi ba. Akwai kuma ma'aikacin da zai miƙa hannu ya karɓi toshiyar baki, in asirinsa ya tonu ya ce aikin Shaiɗan ne, ko kuwa ya ce haka Allah ya ƙaddara. Na farko ya rasa bangaskiyarsa, na biyu ya rasa kunyarsa, dukansu kuwa saboda karatun da bai kai ƙarshe ba.

Matsalar kuma ba ta yau ba ce. Wani attajiri mai jiragen ruwa daga garin Sinob a bakin Baƙin Teku, Markiyon ke nan, ya jera irin waɗannan ayoyi a littafi guda, ya yanke cewa Allahn Tsohon Alkawari dabam ne da Uban Yesu Almasihu. Ikilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144. Waɗanda suka fi zurfafa wajen ba da amsa kuwa 'yan nahiyarmu ne: Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rubuta littattafai biyar na raddi ga Markiyon wajen shekara ta 207, da Orijin na Iskandariya a Masar, da Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. A kan sawunsu za mu bi.

Kalma ɗaya, fuska biyu

Mu fara da harshe, domin rabin rikicin a nan yake. An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, kuma kalmar da ke cikin waɗannan ayoyi ita ce peirasmos. Kalma ɗaya ce, amma tana ɗauke da ma'ana biyu: gwada abu don a tabbatar da ingancinsa, da kuma ruɗin mutum don ya fāɗi. Kalmar Ibrananci da ke cikin Farawa 22, watau nissa, ma'anarta a gwada, a auna.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Muna da "jarrabawa", muna kuma da "jaraba", asalinsu ɗaya daga Larabci, amma ba wanda zai rikita su a magana. Malamin da ya tsara takardar jarrabawa burinsa ɗalibi ya ci, ya fita da shaidar da za ta amfane shi. Wanda kuwa ya zo da dare yana raɗa wa ɗalibi cewa yana da tambayoyin gobe na sayarwa, wannan jaraba ya kawo. Ɗaki ɗaya, takarda ɗaya, sa'a ɗaya, amma nufi biyu. Maƙeri yana sa ƙarfe a wuta don ya yi garma, mai ƙone-ƙone yana sa wuta don ya bar toka. Agustin ya bayyana wannan bambanci sarai, ya ce akwai gwaji na tabbatarwa, akwai kuma gwaji na yaudara. Na farko Allah yana yi, na biyu ba ya yi.

Mai shakka zai ce wannan dabara ce ta masu tafsiri. Sai mu koma ga Yakubu kansa. A sura 1 aya 2 ya ce masu bi su yi murna in gwaje-gwaje iri iri sun same su, a aya 12 ya yi albishir ga mai jimrewa, a aya 13 kuma ya wanke Allah daga jarabtar mutum, duk da kalmomi masu tushe ɗaya. Marubucin da ya san abin da yake yi ba zai ƙaryata kansa a cikin shafi guda ba. Daɗin daɗawa, a sura 2 aya 21 shi da kansa ya kawo labarin Ibrahim da Ishaku ya kafa hujja da shi. Ashe ya san Farawa 22 sarai, bai kuwa ga saɓani ba. Abin da yake yaƙa shi ne mutum ya yi zunubi ya ɗora wa Mahaliccinsa. A ayoyi na 14 da 15 ya nuna inda tushen yake: sha'awar mutum ce take jan sa kamar yadda abincin ƙugiya yake jan kifi, sha'awar ta haifi zunubi, zunubin ya girma ya haifi mutuwa. Iyayenmu sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Aya guda ta haɗa fuskokin nan biyu wuri ɗaya. Matiyu 4:1 ta gaya mana cewa Ruhu ne ya kai Yesu jeji, amma Iblis ne ya jarabce shi a can. Ruhu ya kai shi fagen, bai raɗa masa ya mai da duwatsu gurasa ba. Kwana 40 da ya yi suna tuna mana da shekara 40 da Isra'ila ta yi a jeji, waɗanda Maimaitawar Shari'a sura 8 ta kira lokacin gwaji. Amsoshi uku da ya ba Iblis kuwa duk daga sura 6 da sura 8 na wannan littafi ya ɗauko su. Inda al'umma ta fāɗi, nan shi ya ci.

Roƙon da ya dami manyan ikilisiyoyi

To, in gwaji abin alheri ne, don me muke roƙo kada a shigar da mu cikinsa? Wannan roƙo ya dami masana tun zamanin Tartuliyan, wanda ya fassara shi da cewa kada Allah ya bari mai jaraba ya ja mu. Bai kuma daina damun mutane ba. Ranar 3 ga Disamba 2017 Cocin Katolika na Faransa ya sauya lafazin roƙon a cikin sujadarsa, ya mai da shi roƙo cewa kada Allah ya bar mu mu shiga jaraba. A cikin wannan wata marigayi Fafaroma Francis ya faɗa a wata hira ta talabijin cewa tsohuwar fassarar ba ta yi kyau ba, domin uba ba ya tura ɗansa cikin rami. A Italiya aka bi sahu a Nuwamba 2020. Amma bishop-bishop na Jamus, a Janairu 2018, sun ƙi sauya nasu lafazin.

A ganinmu kowane ɓangare yana da abin da yake karewa. Masu sauyawa suna kare sunan Allah daga zargi. Masu ƙin sauyawa suna kare amanar fassara, domin kalmar Helenancin ma'anarta a shigar da mutum wuri, kuma aikin mai fassara ne ya kawo abin da aka rubuta, ya bar wa mai wa'azi bayani. Wannan nauyi ne ya hau kan Dokta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa, waɗanda ƙoƙarinsu ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shi ne kuma yake kan duk wanda ya sake fassara shi bayansu. Mu dai mun fi karkata ga a bar magana da nauyinta, a bayyana ta. Roƙon nan roƙo ne na wanda ya san rauninsa. Bitrus ya bugi ƙirji ya ce ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba. A Getsamani aka ce masa ya yi tsaro da addu'a don kada ya shiga gwaji, ya yi barci. Kafin zakara ya yi cara ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Ɗalibin kirki ba ya cewa a kawo masa kowace irin jarrabawa a kowane lokaci. Abin da Bulus ya tabbatar mana a Korantiyawa ta Ɗaya 10:13 shi ne, Allah ba zai bari a ɗora mana abin da ya fi ƙarfinmu ba, kuma tare da kowane gwaji akwai ƙofar fita.

Ƙidayar Dawuda

Yanzu sai mu shiga babbar shari'ar. Dawuda, bayan mulkinsa ya kahu, ya umarci Yowab, shugaban sojojinsa, ya zaga ƙasar daga Dan zuwa Biyasheba ya ƙidaya jama'a. Yowab, wanda ba a san shi da taushin zuciya ba, ya ja hankalin sarki ya tambaye shi amfanin wannan aiki. Sarki ya ƙi ji. Aka yi wata tara da kwana ashirin ana zagaye. Da aka kawo jimilla, sai zuciyar Dawuda ta kāshe shi. Annabi Gad ya zo masa da zaɓi uku: yunwa, ko gudu a gaban abokan gāba wata uku, ko annoba kwana uku. Ya zaɓi ya fāɗa hannun Allah maimakon hannun mutane.

Mene ne laifin? Ƙidaya ita kanta ba haramun ba ce, domin a Littafin Ƙidaya, sura 1 da sura 26, Allah ne ya umarci Musa ya yi ta. Amma Fitowa 30:12 ta kafa sharaɗi cewa duk wanda aka ƙidaya ya biya fansar ransa, rabin shekel, don kada annoba ta auku. Masanin tarihin Yahudawa Yusufus, a ƙarni na ɗaya, ya ce wannan ne Dawuda ya manta. Ban da haka, waɗanda aka ƙidaya maza ne masu iya zare takobi. Watau sarkin da ya kā da Goliyat da majajjawa ya koma yana lissafin takubba don ya san ƙarfinsa. Mu 'yan Nijeriya mun san ƙidayar kawuna ba ta rabuwa da neman iko: an soke ta 1962 aka sake a 1963, ta 1973 kuwa gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975.

To, wa ya zuga shi? Abubuwa uku za su taimake mu.

Na farko, yadda Ibraniyawa suke magana. A wurinsu ba abin da yake faruwa a bayan idon Allah, saboda haka sukan jingina masa abin da ya yi da kansa, da kuma abin da ya ƙyale a yi. Littafin Ayuba ya nuna wannan a fili. Waɗanda suka kwashe shanun Ayuba da raƙumansa mahara ne, Sabiyawa da Kaldiyawa. Wanda ya nemi izinin taɓa shi Shaiɗan ne, aka kuma yanka masa iyakar da ba zai ƙetare ba. Duk da haka Ayuba ya ce Ubangiji ne ya karɓe abin da ya ba shi, littafin kuwa ya ce bai yi saɓo da ya faɗi haka ba. Aiki ɗaya, hannu uku, nufi uku: mahara suna son dukiya, Shaiɗan yana son Ayuba ya zagi Allah, Allah kuwa yana nufin amincin bawansa ya bayyana. Mu ma haka muke magana. In 'yan fashi suka kashe mutum a hanya, sanarwa takan ce Allah ya yi masa rasuwa, ba kuwa wanda zai ji wannan ya ce a sallami 'yan fashin daga kotu.

Na biyu, dangantakar littattafan nan biyu. An rubuta Tarihi bayan dawowa daga zaman talala a Babila, mai yiwuwa a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Almasihu, marubucinsa kuwa yana da Littafin Sama'ila a gabansa, yana kwafe shafuffuka daga ciki. Ashe ba shaidu biyu ne da ba su san juna ba suka yi tuntuɓe. Na biyun yana yi wa na farkon sharhi ne da gangan, yana bayyana ta hannun wa zugar ta zo. Kalmar satan a Ibrananci asalinta abokin gāba ko mai ƙara. A Sarakuna na Ɗaya 11:14 an kira wani mutum, Hadad na Edom, da wannan suna, aka kuma ce Ubangiji ne ya tā da shi gāba da Sulemanu. Shi ya sa waɗansu masana suke ganin abokin gāba na ɗan Adam ake nufi a Tarihi. Ko wanne aka ɗauka, tsarin ɗaya ne: Allah yana sama, maƙiyi yana ƙasa, ba ya motsi sai iyakar igiyar da aka sakar masa. Irin wannan sharhi ya bayyana kuma a Littafin Yubili, na ƙarni na biyu kafin Almasihu, wanda cikakkensa ya tsira a harshen Ge'ez na Habasha. A can an ce wani shugaban aljannu, Mastema, shi ya nemi a gwada Ibrahim. Waɗanda suka tattara Littafi Mai Tsarki sun ga Sama'ila, sun ga Tarihi, ba su goge ko ɗaya ba. Sama'ila yana tsare mu daga zaton akwai alloli biyu masu kokawa, Tarihi yana tsare mu daga zaton mugunta tana fitowa daga zuciyar Allah.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, bakin Dawuda kansa. A Sama'ila na Biyu 24:10 bai ambaci Shaiɗan ba, bai kuma ce an ƙaddara masa ba. Ya ce shi ne ya yi zunubi mai girma, shi ne ya yi wauta. An gargaɗe shi bai ji ba, ya kuma sami wata tara da kwana ashirin da zai iya aika manzo a dakatar da aikin. Wanda abin ya faru a kansa bai sami mafaka a cikin waɗannan ayoyi ba, ina dalilin da mu za mu nema a ciki?

Gaskiya ta wajabta mana mu faɗi cewa akwai bambancin alƙaluma tsakanin littattafan. Sama'ila ya ba da 800,000 na Isra'ila da 500,000 na Yahuza. Tarihi ya ba da 1,100,000 da 470,000, ya kuma ƙara da cewa Yowab bai ƙidaya kabilar Lawi da ta Biliyaminu ba. Shekarun yunwa bakwai ne a nassin Ibrananci na Sama'ila, uku ne a Tarihi. Amma tsohuwar fassarar Helenanci da Yahudawan Iskandariya suka yi tana da uku a wuraren biyu. Wannan ya nuna cewa a cikin ɗaruruwan shekarun da aka yi ana kwafe littattafai da hannu, alƙaluma sun fi kome saurin zamewa. Mai bi ba ya bukatar ya ɓoye wannan, ko ya ƙirƙiro lissafin dole don ya daidaita su. Bangaskiyar da take tsoron a buɗe tsofaffin takardu ba ta kai bangaskiya ba.

Saura mutum 70,000. Nan ne maganar ta fi ciwo, ba kuwa za mu shafa mata mai ba. Ayar farko ta surar ta ce fushin Allah a kan Isra'ila yake tun kafin a yi zancen ƙidaya, ko da yake ba ta ambaci laifin ba. Waɗansu masu tafsiri suna nuni da tawayen Absalom da na Sheba, inda jama'a suka bi masu juyin mulki. Duk da haka littafin bai toshe bakin mai kuka ba. A aya ta 17 Dawuda ya tsaya yana jayayya, yana cewa shi ne mai laifi, talakawan nan da ya kira tumaki ba su yi kome ba, hukuncin ya sauko a kansa da gidansa. Annobar kuwa ta tsaya a masussukar wani Bayebuse, Arauna, wanda Tarihi yake kira Ornan. Dawuda ya sayi wurin, ya ƙi karɓarsa kyauta, ya gina bagade. Tarihi na Biyu 3:1 ya gaya mana cewa a nan Sulemanu ya gina Haikali, ya kuma kira wurin Dutsen Moriya, sunan ƙasar da aka aiki Ibrahim da ɗansa. Inda aka tsai da wuƙar Ibrahim, nan aka tsai da takobin mala'ika. Labarai biyun da muka fara da su a kan suna gāba da juna, ga shi sun ƙare a kan dutse ɗaya, dukansu kuwa da jinƙai suka ƙare.

Zuciyar Fir'auna da laifin iyaye

Wannan mabuɗi yana buɗe waɗansu ƙofofi. Littafin Fitowa ya ce Allah ya taurare zuciyar Fir'auna, ya kuma ce Fir'auna ya taurare zuciyarsa. Gaskiya ne tun a sura 4 an gaya wa Musa abin da zai faru. Amma in muka bi annobai goma bi da bi, za mu ga a cikin biyar na farko Fir'auna ne yake taurin kai, yana alkawari yana warwarewa da zarar ya sami sauƙi. Sai a ta shida, a sura 9 aya 12, aka fara cewa Ubangiji ne ya taurare shi. Orijin ya kawo misalin rana, wadda zafinta ɗaya ne amma tana narkar da kaki tana busar da laka. Bulus kuma, a Romawa sura 1, ya faɗa har sau uku cewa Allah ya sallama masu taurin kai ga abin da zuciyarsu take so. Hukunci mafi ban tsoro ke nan, a sakar wa mutum linzami. Wanda ya karɓi cin hanci na farko bai yi barci ba a daren. Wanda ya karɓi na ɗari yana minshari.

Haka kuma maganar laifin iyaye. Fitowa 20:5 ta ce muguntar iyaye takan bi 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu, Ezekiyel sura 18 kuwa ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, mai zunubin shi zai mutu. Sai mu rarrabe tsakanin alhaki da sakamako. A gidan gandu tsara uku ko huɗu suke zaune a inuwa ɗaya. In maigida ya sayar da gonar gado ya sha giya da kuɗin, jikokinsa za su ji yunwa, ko da yake ba su da alhakin kome. Ayar Fitowa ma ta ƙayyade maganar ga waɗanda suke ƙin Allah, ta kuma sa jinƙai ga dubbai a ɗaya gefen ma'auni. A wajen shari'ar kotu kuwa Attaura ɗin nan ce, a Maimaitawar Shari'a 24:16, ta hana a kashe ɗa saboda uba, Sarki Amaziya kuma ya yi aiki da wannan doka sa'ad da ya bar 'ya'yan waɗanda suka kashe mahaifinsa da rai. Ezekiyel yana magana ne da 'yan zaman talala waɗanda suka mai da laifin kakanni abin fakewa, yana ce musu ƙofar tuba a buɗe take ga kowane mutum shi kaɗai.

A Bisharar Yahaya ma, sura 3 aya 17 ta ce ba don hukunta duniya aka aiko Ɗan ba, sura 9 aya 39 kuwa ta ce don hukunci ya zo. Ta farko tana faɗin manufa, ta biyu tana faɗin abin da yake biyowa. Wanda ya kunna fitila a ɗaki don mutane su gani ya kunna ta, amma fitilar nan ce za ta nuna wanda hannunsa yake cikin aljihun wani.

Abin da ya rage a wuyanmu

'Yan'uwa, ga abin da muke so ku tafi da shi. A wajen karatu, kada ku yanke wa aya hukunci sai kun karanta surarta duka, kun tambayi wanda ya rubuta ta, da waɗanda ya rubuta wa, da abin da kalmar take nufi a harshenta na asali. In ƙaramin ɗalibi ya zo muku da tambaya mai wuya, kada ku ce masa ya yi shiru. Littafin da ya bar Ayuba ya yi jayayya da Allah sura bayan sura ba ya tsoron tambayar ɗan aji ɗaya. Inda kuma bambancin na gaske ne, kamar na alƙaluma, ku faɗe shi yadda yake.

A wajen zaman duniya kuwa, da yawanku za ku zauna a kujerun da fayil ɗin kwangila zai bi ta kan teburinku. Wata rana ɗan kwangila zai rufe ƙofa ya ajiye ambulan, a daidai watan da ake bin ku kuɗin haya, ƙanenku kuma suna jiran kuɗin makaranta. A wannan sa'a abubuwa biyu suna faruwa a lokaci ɗaya. Akwai mai so ku fāɗi, akwai kuma Mai so ku fito kamar zinariyar da ta sha wuta. Ba wanda zai tilasta wa hannunku. In kun miƙa shi, kada ku ce Shaiɗan, kada ku ce ƙaddara. Ku tuna kuma cewa kamar yadda ƙidayar sarki ta ci talakawan da ba su zauna a fada ba, haka asibitin da ba a gama ba da gadar da aka yi da siminti rabi za su ci waɗanda ba su ga ambulan ɗin ba. In kuwa kun riga kun fāɗi, hanyar Dawuda tana nan: ku kira laifin da sunansa, ku ɗauke shi a kanku, ku biya abin da gyara zai ci, kamar yadda ya ƙi miƙa hadayar da bai biya kuɗinta ba.

Yusufu, sa'ad da 'yan'uwansa da suka sayar da shi suka durƙusa a gabansa a Masar, bai ce musu ba su yi laifi ba. A Farawa 50:20 ya gaya musu cewa nufinsu mugunta ne, nufin Allah kuwa a cikin wannan al'amari guda alheri ne, don a ceci rayuka masu yawa. Duk abin da muka faɗa yau sharhi ne a kan wannan magana. Allah yana mulki a kan kome, mugunta ba daga gare shi take ba, mutum kuma zai amsa tambaya a kan abin da hannunsa ya aikata. Waɗannan uku Littafi Mai Tsarki yana riƙe da su gaba ɗaya, mu ma kada mu saki ɗaya don mu ji daɗin riƙe biyu.

 Allah ya ba mu nasara a jarrabawar da ke gabanmu a ƙarshen zango, ya kuma tsare mu a wadda ba a kafa ranarta a allon sanarwa. Amin.